Me ya sa kuɗin injin ban ruwa ya yi tsalle cikin mako uku, kuma har yau ya ƙi saukowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin lambu ne a yankin Kura, tumatir da albasa nake yi da rani. A watan Janairun 2024 na shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano na taya injin ban ruwa inci uku, na ce wa mai shagon zan dawo in na sayar da albasa. Bayan mako uku na koma, injin yana nan inda na bar shi, har ƙura a kan kwalinsa, amma ya ɗora kusan rabin kuɗin a kai. Injin feshi mai batir ma haka. Dole na saya, don shuka ba ta jira. Yanzu injin ya fara gajiya, ga rediyo kullum tana cewa hauhawar farashi ta ragu, amma ni ban gani a kasuwa ba. Shin wannan ba zalunci ba ne? Kuma in jira ya sauko ko in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a noma. Na fahimci zafin da ka ji, domin babu abin da ya kai mutum ya ƙirga kuɗinsa cif, ya hau mota, ya iso a ce masa ba su kai ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma makonnin nan uku da ka ambata suna cikin mafi muni da naira ta taɓa gani.

Injin da kake gani a Sabon Gari ba a nan aka ƙera shi ba. Mafi yawansu daga Sin suke zuwa, daga garuruwa irin su Chongqing da Taizhou, kuma da dala ake biyan kuɗinsu. A farkon Janairun 2024 dala tana wajen naira 1,200 a hannun 'yan canji. Kafin ƙarshen Fabrairu ta doshi 1,900. A kasuwar gwamnati ma, cikin kwanakin ƙarshe na Janairu ta tashi daga wajen 900 zuwa sama da 1,400. Ƙarin da aka yi maka na kusan rabi, sawun dala ya bi sak.

Za ka ce, to ai injin da ke shagon tsohon kaya ne, da tsohon farashi aka saro shi. Gaskiya ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Bari mu yi lissafi na misali. A ce injin ɗaya dala 100 ne, ɗan kasuwa ya saro guda goma lokacin da dala take 1,200. Kowanne ya tsaya masa a 120,000. Ya sayar a 135,000, ya tara 1,350,000, a takarda ya ci ribar 150,000. Ya tashi sabon sari ya tarar dala ta koma 1,800. Kuɗin nan nasa duka, uwa da riba, inji bakwai za su sayo masa da ɗan canji. Ya fara da goma, ya koma bakwai, alhali bai ci ko kwabo ba. In ya maimaita haka sau biyu ko uku, shagon ya zama kango. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi ba ya duba nawa ya saya, nawa zai sake saye yake dubawa. A waɗancan kwanakin na tsaya a wani shago na ga maigidan da waya a kunne yana tambayar yadda dala ta tashi a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, yaronsa kuma riƙe da alƙalami yana soke lambar da ke jikin kwali yana rubuta sabuwa. Fuskarsa ba ta mai murna ba ce, tsoro ne ƙarara a cikinta. Wasu ma rufe shago suka yi, suka ce gara kayan su kwana da a sayar a rasa abin mayarwa.

Akwai dukan na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba, wato kuɗin fito. Kwastam tana lissafa harajin kaya ne da farashin dala na hukuma. Kafin Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, wajen naira 422 ake lissafa dala a tashar jirgin ruwa. A watan Yuli ta zama wajen 770, a Disamba wajen 950, sannan a farkon Fabrairun 2024 ta haura 1,350. Mai kwantena a tashar jirgin ruwa ta Apapa da ke Legas yakan kwana da lissafi ɗaya ya tashi da wani. Ga motar da za ta ɗauko kayan daga Legas zuwa Kano, tafiyar kilomita dubu da ɗoriya, da man gas ɗin da ya haura naira dubu a lita. Duk wannan a kan kwalin nan mai ƙura yake sauka.

Ban ce kowa mai gaskiya ne ba. Akwai waɗanda suka fake da dala suka tsawwala, akwai masu ɓoye kaya a sito su jira tsada, kuma wannan addini ya yi hani da shi ƙarara. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka zaga shago huɗu ko biyar, kada su zama a layi ɗaya. In duk sun yi kusa da juna, kasuwa ce ta motsa. In ɗaya ya yi wa saura fintinkau, ka bar masa kayansa.

Sai maganar rediyo. Ba ƙarya take yi ba, amma kalmar ce ke ruɗar mutane. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024. A Janairun 2025 ta sabunta ma'aunin da take awo da shi, adadin ya koma 24.48. Abin da ake aunawa shi ne saurin tashin farashi. Kayan da ke naira 1,000, in ya tashi da kashi 34.8 ya zama 1,348. In shekara ta zagayo aka ce hauhawa ta sauko zuwa kashi 24, kayan ya koma wajen 1,670 ke nan. Hawa yake ci gaba da yi, gudun ne ya ragu. Kuma adadin nan matsakaici ne na kayayyaki masu yawa, abinci ne ya fi nauyi a ciki. Injinka ba ya bin farashin gero, dala yake bi.

To me ya hana shi sauka in dala ta sauka? 'Yan kasuwa sun ga abin da ya faru a Afrilun 2024, lokacin da dala ta faɗo zuwa wajen 1,100, kafin wata guda ya cika ta sake komawa wajen 1,500. Wanda ya yi saurin rage farashi a lokacin ya ji a jikinsa, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban da haka, kuɗin haya da na mota da albashin yara ba su sauko ba, mai cin bashin banki kuma ya sha wuya da kuɗin ruwa, tunda Babban Banki ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Saboda haka ni ban ga alamar farashin 2023 zai dawo ba, kuma ba zan ba ka shawarar ka zauna jiransa ba.

Abin da nake so ka fara yi shi ne ka kai injin wurin bakaniken da ka yarda da shi kafin ka yi maganar sabo. Inji mai shekara ɗaya ko biyu da wuya a ce ya mutu. Yawancin waɗannan ƙananan injuna kwaikwayon ƙirar Honda ce, shi ya sa kayan gyaransu suke shiga juna kuma ba sa wuyar samu. In ƙarfin jan ruwa ne ya ragu, sau da yawa sil ɗin famfon, wato abin da ke hana shi yoyo, shi ne ya cinye, ko fankar cikinsa yashi ya goge ta, ko kuma mesar tsotso tana shan iska ta wani ɗan tsagu. In hayaƙi yake yi yana shan baƙin mai, zoben fistin ne. In wuyar tashi yake yi, a duba fulogi a wanke kafireto. Duk waɗannan a haɗe ba su kama ƙafar kuɗin sabo ba. Abu biyu ne na fi ganin suna kashe injin lambu: a tayar da shi ba a cika famfon da ruwa ba, sai sil ya ƙone cikin mintuna, da kuma barin baƙin mai har ya koma kamar kwalta. Ka sa rariya a bakin mesa, ka ɗaga ta kaɗan daga ƙasan rami don kada ta kwaso yashi.

In bakanike ya ce gyaran ya zama asara, to ka saya da damina, lokacin da babu mai neman injin ban ruwa kuma mai shago yana son kuɗi su motsa. Daga Oktoba zuwa Disamba kowa ya fito nema, ba ka da bakin ciniki. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku je wurin babban dila maimakon kowa ya shiga shi kaɗai. In kun yi ciniki kuma kuɗin bai cika ba, ka ba da kafin alƙalami a rubuta maka rasiɗi da lambar injin da ranar ɗauka. Da ka yi haka a Janairun 2024, da ka tsira. A buɗe kwali a gabanka, a zuba mai a tayar, domin akwai masu liƙa sunan babban kamfani a jikin ƙaramin kaya, kuma araha ba ta ado.

Ka kuma lissafa abin da injin zai sha, ba kuɗin sayensa kaɗai ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ta yadda man kaka ɗaya kan iya zarce kuɗin injin kansa. Wannan ne ya sa manoma da dama suka mayar da injinansu masu amfani da iskar gas ta girki. In za ka yi, ka nemi wanda ya ƙware, ka ajiye tukunyar a inuwa nesa da salansa. Famfo mai aiki da hasken rana yana da tsada a farko, kuma ba ya tura ruwa da ƙarfin inci uku na fetur sai an tara farantan sola da yawa, don haka ka auna girman lambunka da zurfin ruwanka tukuna. In ka aiko mini da waɗannan biyun, da yawan litar da kake sha a mako, zan taya ka lissafin wanda ya fi maka.