Tambaya da Amsa: Me masunci zai ƙara wa masanin ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ji wai masana daga ƙasashe daban-daban suna haɗa kai da mutanen ƙauye wajen binciken ruwa saboda sauyin yanayi. Tunda akwai tauraron ɗan'adam da kwamfuta, me masunci ko manomi zai ƙara musu? Kuma me ya sa sai an haɗo har da ƙasashen maƙwabta?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da ta biyun don ta fi sauƙi. Kogi ba ya tsayawa a boda, ƙasashe 153 ne a duniya suke tarayya da maƙwabtansu a kogi ko tafki ko ruwan ƙarƙashin ƙasa. Dubi Tafkin Chadi, a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, fari ya zo, zuwa shekarun 1980 bai fi kashi ɗaya cikin goma na hakan ba, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa daga Chari da Logone yake, waɗanda suka faro tun daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Toh wanda ke bakin tafkin ta yaya zai san me ke tafe in na can sama bai faɗa masa ba? Shi ya sa tun 1964 aka kafa hukumar kula da tafkin a N'Djamena.

Ta farkon kuwa ita ce ta fi damuna. Tauraron ɗan'adam daga sama yake leƙe, in ruwa ya shige ƙarƙashin ciyayi da kyar yake ganinsa, amma masuncin da ke tura kwalekwale a wajen ya san zurfinsa da gorar hannunsa, ya san shekarar da mashigin ya toshe da irin kifin da aka daina kamawa. Matar da ke ɗebo ruwa kullum ita ce ta farkon sanin rijiya ta ja baya, don ita ke ƙara wa guga igiya. Ma'aunan gwamnati kuma a koguna da yawa ba su wadata ba, wasu ma sun lalace, shi ya sa ake kafa sanda mai lamba a bakin ruwa, mutumin gari ya duba da safe ya tura ta tes.

Ga misalin irin wannan haɗin kai: akwai kogin Ratu da ya taso daga Nepal ya gangara jihar Bihar ta Indiya. ICIMOD, wata cibiyar binciken yankunan tsaunuka da ke Kathmandu a Nepal, ta sa na'urar auna ruwa a can saman kogin, in ruwa ya hau sai mai kula da ita ya buga wa na can gangaren kogin waya, a ambaliyar 2017 awanni mutane suka samu suka kwashe yara da dabbobi.

Sai dai gaskiya ba kowane bincike ne haɗin gwiwa ba ko da an kira shi haka. Wasu su zo su cika takardu da bayanan mutane su tafi, rahoto ya fito da Turanci a inda mai bayanin ba zai taɓa gani ba, wannan kam ban yarda da shi ba. In suka zo muku ku tambaya tun farko, wa ya zaɓi abin da za a bincika, wa zai riƙa sayen katin wayar mai duba ma'auni, wa zai gyara na'ura bayan kuɗin aikin sun ƙare, sannan da wane yare za a dawo muku da sakamakon kafin damina.