Saura mako shida, kana tambayata tambayoyin sata

Yaro, na ga saƙonka. Ka ce saura mako shida ka zauna jarrabawar RHCSA, ta kamfanin Red Hat kan kula da injinan Linux, da rana kana shago, da dare ka gaji, kuma wani abokinka na fada ya turo maka tarin tambayoyin da aka sato daga jarrabawa, wai ka haddace ka huta. Kana son ka ji ko ka bi wannan hanya tunda lokaci ya ƙure. Da wani ne ya tambaya da ban tanka ba. Amma ka fama mini miki, sai ka saurara.

Akwai yaron da na riƙa kafin kai. Kansa yana ja, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ni na biya masa kuɗin LPIC-1, wata takardar shaidar iya Linux, daga aljihuna, jarrabawa biyu, kowacce da tambaya 60 cikin minti 90, kuma ka san da dalar Amurka ake lissafin kuɗin, in aka juya su sefa sai ka ji a jikinka. Ya ci, ya kawo takarda, na yi ta nuna shi ga mutane. Sai daga baya na ji ashe haddar tambayoyin sata ya yi.

A lokacin ina riƙe da aikin wani Alhaji mai manyan mangazu, wanda motocinsa ke shige da fice ta Ɗan Isa. Na kafa masa saba, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanai, wadda ke ɗauke da lissafin kaya da bashin da yake bin 'yan kasuwa. A takardar farashi na rubuta diski na dabam wanda za a riƙa kwafe bayanai a kai kowane dare. Ya ɗauki biro ya ja layi a kai gabana, ya ce kwamfuta ɗaya ya ce a kawo masa, ba garke ba. Na yi bayani har na gaji, ya ce ciniki nake nema.

Da diskin sabar ya kusa cika, tafiya Yamai ta kama ni, na ce wa mai takarda ya ƙara sabo. Aikin da ko barci nake zan yi. Ya ƙara, ya haɗa shi da hannu, komai ya tafi daidai. Ya rubuta layinsa cikin fstab, fayil ɗin da ke gaya wa inji diskan da zai haɗa in ya tashi, da kuskuren harafi guda, bai gwada da umarnin mount -a ba, bai kashe ya kunna ya gani ba. Ya rufe ƙofa ya tafi shan shayi.

Zafin Afrilu ne. Kuran ya ɗauke da rana tsaka, batirin da ke riƙe sabar ya ƙare kafin a tada inji. Da wuta ta dawo, saba ta tsaya a baƙin allo tana neman kalmar sirrin root, wato babban mai iko a inji. Wannan gyaran minti biyar ne: ka shiga, ka buɗe fayil, ka gyara layin, ka sake kunnawa. Yaron nan zai iya jero maka gurabe shida na fstab a ka, amma idonsa bai taɓa ganin wannan allo ba, don bai taɓa ɓata inji da hannunsa ba. Ga motoci a ƙofa suna jiran takardar lodi, ga Alhaji tsaye a kansa yana faɗa. Girman kai ya hana shi kirana. Ya soka filas, ya sake zuba Linux daga farko, da aka tambaye shi wurin zubawa ya zaɓi diskan duka ya ce a share. Lissafin mutum na shekaru ya tafi.

Na dawo na yi kwana da kwanaki ina tono abin da zai tonu, na samo kaɗan. Alhaji ya riƙe fiye da rabin kuɗin kwangilata. Na kai masa takardar da ya ja wa layi da hannunsa, ko kallonta bai yi ba, ya ce ai yaronka ne. Aka shiga tsakani, dattawa suka ce in yi haƙuri, mai kuɗi ne, gobe ma rana ce. Bai tsaya nan ba, ya bi babbar kasuwa yana cewa na ƙone masa dukiya, har wasu da muka gama magana da su suka janye aikinsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da na ji bayan nan: ashe akawunsa bai taɓa daina rubuta bashi a babban littafi ba. Ya karɓi kuɗinsa wajen mutane har dala ta ƙarshe, nawa ne kawai ya cinye. Shi ko yaron ya ɗauki takardar da na biya ya sami aiki a wata ƙungiya, ko sallama babu. Har yau in na biyo ta gaban mangazar nan a kan babur, kau da kai nake yi.

To kai da RHCSA za ka yi, haddar ma ba ta da inda za ta kai ka. Babu zaɓi wannan ko wancan a cikinta. Inji za a ba ka da jerin ayyuka, wajen awa uku, kana neman maki 210 cikin 300, ba intanet, sai littafin man, wato bayanin umarni, da ke cikin injin. Kuma abin da ya tsaya bayan an sake kunna inji shi ake ba maki. Banda haka, wanda aka kama da tambayoyin sata ana iya soke masa takarda. Goge su daga salularka yau.

Mako shida ya isa mai hannu. Ku yaran yanzu damuwarku ke nan, ku kwanta ku kalli bidiyo har kuɗin intanet ya ƙare, ku tashi kuna jin kun iya. Mu da muka koya, mujalla guda muke karɓa-karɓa, injin da za mu taɓa ma sai mun roƙa. Ka sauko da jerin abubuwan da jarrabawar ta ƙunsa daga shafin Red Hat, ka buga a takarda, ka manna a bango. Ka yi injinan gwaji biyu cikin kwamfutarka da Rocky Linux ko AlmaLinux, nau'o'in Linux masu kama da na Red Hat. Yadda ake zuba su, da ƙirƙirar masu amfani, da ba da izinin fayil, ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya waɗannan ba ya nemi wata sana'a. Lokacinka daga sallar asuba ne zuwa buɗe shago, kai na sanyi, gari ba hayaniya. Fada kuwa ka yi musu sallama sai bayan jarrabawa, shayi ba zai ƙare a Maradi ba.

Inda zan matsa maka shi ne shiga inji in kalmar sirrin root ta ɓata. Ka yi ta maimaitawa har ka daina tunani, don in ka kasa shiga, duk ayyukan da ke cikin wannan injin sun wuce ka. Kada ka manta da sa SELinux, tsarin tsaron injin, ya sake yi wa fayiloli lamba, nan ne masu gaggawa ke kulle kansu waje. Sai LVM, tsarin rabawa da faɗaɗa diski, da fstab: UUID, lambar shaidar diski, za ka rubuta, ka gwada, ka sake kunnawa. Hidimar da ka tayar ba ka sa mata enable don ta riƙa tashi da kanta ba, da ƙofar da ka buɗe a katangar tsaro da firewall-cmd ba ka sa permanent don ta dawwama ba, duk aikin banza ne. Duk abin da ka gama, kashe ka kunna ka duba. Mako biyun ƙarshe ka daina koyon sabo, ka sa agogo ka yi aiki daga farko har ƙarshe, salula a kashe.

In daga gida za ka yi ta, da filas ake tada kwamfutar, ana son kamara ta waje mai igiya, kuma intanet na igiya ya fi na iska. Ka gwada duk wannan tun saura mako guda, ka tanadi batirin da zai riƙe kwamfuta da akwatin intanet fiye da awa uku, ka samu ɗakin da ƙannenka ba za su banko ba. In naku bai yi ba, zan ba ka mabuɗin ofishin baya.

Ranar Asabar bayan la'asar ka zo da kwamfutarka. Zan ɓata injinan nan biyu, ba zan faɗa maka inda na taɓa ba, kuma ba za ka tafi gida ba sai sun tashi.