Yaya, ba yawon banza muke yi a layin dogo ba

Salamu alaikum Yaya. Na ji saƙon muryarka tun shekaranjiya, sau uku na saurara, ban amsa da wuri ba ne don gaskiya raina ya ɗan sosu. Hoton da yara suka ɗora a Facebook ka gani, mu a kan gada da kambas da jaka a baya, shi ne kake tambaya wai tun yaushe Bahaushe ya fara biyan kuɗin jirgi don ya je ya yi tafiyar ƙasa, ba biki ba gaisuwar mutuwa ba kasuwa. Ka ce kuma 'yan majalisa sun ce mun zama Turawa. To tunda a majalisa aka yi zancen, bari in amsa a inda kowa zai gani.

Wurin sunansa Walkway Over the Hudson, a garin Poughkeepsie yake, daga nan Bronx, unguwarmu a birnin New York, sai mu gangara Harlem mu hau jirgin Metro-North, tafiyar kusan awa biyu. Asali gadar jirgin ƙasa ce a kan kogin Hudson, a 1889 aka buɗe ta, jiragen kaya suka yi ta bi har 1974 da gobara ta kama ta, daga nan aka yi watsi da ita shekara talatin da biyar sai tsatsa. A 2009 aka gyara aka shimfiɗa mata daɓe, ta zama wurin shaƙatawa na gwamnatin jiha, shiga kyauta. Tsawonta kilomita biyu ne, daga samanta zuwa ruwa ƙafa 212, ranar farko wallahi matata ba ta yarda ta matsa kusa da ƙarfen gefe ba. In ka sauka ta kowane ɓangare hanya ba ta ƙare ba, tsohon layin dogon ne aka kwashe ƙarafuna aka zuba kwalta, kuma da yake jirgi ba ya son hawa da gangara hanyar a miƙe take sumul, mai ciwon gwiwa ma zai iya, mai tura keken jariri ma zai iya.

Amma can sau ɗaya ko biyu muke zuwa a shekara. Namu na kowace Lahadi yana nan cikin gari, Van Cortlandt Park, in ka bi jirgi mai lamba 1 har ƙarshensa a titi na 242 ka iso. Shi ma tsohon layi ne, Putnam, fasinja sun daina hawansa tun 1958, har yanzu ƙarafunan rumfar tsohuwar tashar na nan tsaye kusa da tafki. Gaba kaɗan akwai wasu ginshiƙan dutse guda 13 a jere cikin itatuwa, an kafa su ne a ga wanne zai fi jure ruwa da sanyi kafin a zaɓi dutsen da za a gina babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central. Nan muke tsayawa mu buɗe filas.

Yaya kai kana da zaure, kana da dakali a ƙofar gida, in ka idar da la'asar mutane na zuwa da kansu. Ni a bene hawa na biyar nake, ɗaki biyu da falo, maƙwabcina na ƙofa shekara tara ban san sunan babansa ba. Wannan na tuƙin tasi da dare, wancan na gadi, matanmu na aikin kula da tsofaffi, masallaci ran Juma'a ana sallamewa kowa na duba agogo. Da farko likita ne ya ce wa wani dattijonmu ɗan Maraɗi suga ya hau, ya riƙa tafiya, ya ce shi ba zai iya shi kaɗai ba kamar wanda aka kora daga gida, mutum biyu suka raka shi, yanzu wani lokacin mukan kai ashirin har da mata da yara. A kan hanyar nan ake sanar da suna, a nan ake haɗa kuɗin kai gawa gida, a nan aka sasanta wani aure da ya kusa mutuwa bara. Kuma da Hausa ake komai daga farko har ƙarshe. Akwai Hausawan Ghana, 'yan Kumasi da 'yan unguwar Nima ta Accra, waɗanda ku can kuke wa dariya don suna ce wa mace ya zo, to su ne suka fi kowa riƙe harshen nan a Bronx, kakanninsu sun bar Kano da fataucin goro tun kafin a haifi Baba amma jikokinsu na ji suna mayarwa. Ni dai ba na iya yi musu dariya.

Na san abin da ya fi tsaya muku a hoton ba gadar ba ce, mai gemun nan ne da ya saɓa yaro a wuya. Surukinka ne Yaya, kai ka karɓi sadakin 'yarka ta waya, kai ka ce a ɗaura. Har yau in na kira gida sai wani ya ce yaya Ba'amurken naku, ba a taɓa cewa yaya mijin yarinya ba. Baƙar fata ne, tun kan kakansa gidansu Musulmi ne, azumi bai taɓa wuce shi ba, in ya shigo gidana sai ya durƙusa don ya ga haka matarsa ke yi. An ce ba a san asalinsa ba, shi ma abin na cinsa, mutanen da aka ɗebo a jirgin ruwa aka raba su da sunansu ina za su samo asalin da kuke nema? Shi ya fara kai mu gadar can, da azahar ta yi shi ya nemo mana wuri a kan ciyawa ta ɓangaren Highland, ƙetaren kogin, ya duba alƙibla a wayarsa, dattijon Maraɗi ya ja mu. Wandon da kuka gani a jikin 'yarka kuma akwai doguwar riga a kai da hijabi, iskar saman gadar nan ba ta zani ba ce.

Ba zan ɓoye maka ba Hausar autana ta karye, yana ji amma da Turanci yake amsawa, wannan yana damuna fiye da yadda yake damunku. Abin da na lura shi ne a gida ba ya magana, waya ce a hannu, amma in muna tafe kafaɗa da kafaɗa sai baki ya buɗe. Ka tuna yadda muke bin gefen dogo a Sabon Gari bayan Baba, kana riƙe da buta ni ina tsallaken katako, yana ba mu labarin ɗan ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, wanda yake cewa in ya zo hawa mai ƙafa ma zai iya jerawa da shi? Na ba auta labarin a gindin tsohuwar rumfar nan, bayan sati biyu na ji shi yana ba ɗan yayarsa, rabi Hausa rabi Turanci, ya ce jirgin Kaka. Sai da na juya baya na share ido.

Ran Lahadi in Allah ya kai mu zan kira ka ta bidiyo daga wajen ginshiƙan, ƙarfe tara namu biyun rana naku. Don Allah ka fito da wayar zuwa majalisa a gaisa, surukinka ma yana nan, ya koyi ina gajiya da yaya iyali kuma yana so ya gwada a kanka.