Ina za mu ci abinci a Yamai?

Tambaya: Ni da maigidana za mu zo Yamai daga Tawa mu kwana biyu, Asabar da Lahadi. Ina ya dace mu ci abinci ba tare da mun afka wurin da ake shan barasa ba?

Amsa: Hajiya, ki fara da bakin kogi da maraice, wajen Gadar Kennedy da Gamkalle, inda ake gasa kifi, musamman giwan ruwa, ana ci ana shan iska, sai dai ku tambaya kafin ku zauna, domin yawancin wuraren da ake kira maki suna haɗa abinci da giya, kuma sauro yana da yawa bayan magariba. Gidajen abinci na unguwar Filato sun fi tsafta da natsuwa, amma farashinsu ya fi na cikin gari, don haka ku ji kuɗin kowane kwano tukuna.

Da rana kuwa, a ganina, dambu da zogale, ganyen da Zabarmawa ke kira kopto, ya fi duk wani abincin Turawa. Da safe mai shayi ya wadatar. Kilishi ku saya ranar komawa.