Mita ba ta ganin abin da ke cikin batir

Na ga saƙonka tun da safe, yaro, ban amsa ba sai yanzu saboda sai da na bari raina ya kwanta. Ka ce wani mutum ya kawo maka batura 4 masu 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke iya riƙewa), sababbi dal a kwali, ya rage maka kuɗi kaɗan ƙasa da na kasuwa, ka ɗora mita kowanne ya nuna bolt 12.8, kana tambaya ko ka karɓa ka kai gidan da aka ba ka aikin sola. Ka ƙara da cewa mutumin ya ce in ba ka biya yau ba akwai mai jira.

Kada ka biya. Ko sisi kada ya fita daga hannunka yau.

Shekara 3 kana riƙe min tsani kana miƙo min filaya, amma har yanzu kana zaton mita tana gaya maka ƙarfin batir? Bolt kawai take nuna maka. Ɗauko batirin babur ɗan ƙarami ka cika shi da caji, shi ma 12.7 ko 12.8 zai nuna, daidai da wanda ya fi shi girma sau 30. Mita tana ce maka tulun ya cika, ba ta ce maka ga girman tulun ba. Ku yaran yanzu da zarar lamba ta fito a fuskar na'ura shi ke nan kun sallama, hannu da ido da hankali duk kun ajiye su gefe. Ba zan tsaya ina maimaita maka haɗin siris da faralel ba, ko yadda ake ɗaure tasha, wato kan batir inda waya ke kamawa, wanda bai san wannan ba ai bai kamata a ba shi aikin gidan mutane ba. Abin da zan gaya maka shi ne abin da aka yi min, domin maganar mutumin naka kamar daga bakin wanda ya cuce ni ta fito.

A lokacin shekarata 11 a sana'ar nan. Babu gidan da na yi wa wayarin ya taɓa kamawa da wuta, babu wanda ya taɓa kirana ɓarawo. Wani dattijo mai mutunci ya ba ni aikin gidansa, tsarin bolt 48, batura 8 masu 200Ah, layi biyu huɗu-huɗu. Ya ƙirga kuɗin kaya gaba ɗaya ya damƙa min, bai nemi ko takarda ba, ya ce shi ya yarda da ni. Wannan kalmar tasa ita ce har gobe take ci min rai.

Wanda ya haɗa ni da mai baturan ba baƙo ba ne. Dillali ne da muka daɗe muna hulɗa, na sha sayen ƙananan kaya ta hannunsa ba a taɓa samun matsala ba. Ya ce akwai wani da ya shigo da kaya da kansa, saura kaɗan, yana so ya kwashe ya koma. Muka je. Mutumin tsaf-tsaf da shi, magana a hankali, ba ya rantsuwa, ba ya roƙo. Farashin da ya faɗa kuwa bai yi arahar da za ta sa ka zargi ba, ka lura da wannan da kyau. Da ya ce rabin kuɗi da na juya na tafi, kowa ya san araha ba ta ado. Sai ya rage ɗan abin da zai sa in ji na yi ciniki, in ji ni mai wayo ne. Gwanin ɗan damfara ba ya zubar da farashi, yana ajiye shi ne daidai inda kwaɗayinka zai motsa hankalinka bai farka ba.

Ya sa aka buɗe kwali ɗaya. Na ɗaga, da nauyi. Na ɗora mita, lafiya lau. Na ce zan tafi da shi in gwada da lodi, wato in jona masa abin da zai ja wuta, ko gezau bai yi ba, ya ce "ai ku ne masana, Injiniya, ɗauki ka je ka gwada son ranka." Na kwana ina gwada shi, batirin nan ya riƙe kamar dutse, don na gaske ne. Washegari ina tsaye gabansa wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka yana cewa a yi haƙuri, akwai wanda ya riga zuwa, in bai biya ba kafin la'asar zai kira. Na ji da kunnena, na yi sauri na biya. Daga baya na gane ko dai yaronsa ne ya kira daga bayan shago, ko kuma babu kowa a layin.

Sauran 7 ɗin ba a kawo su ba sai bayan magariba, wai mota ce ta lalace. Kwalaye a liƙe, sitika iri ɗaya, har da katin garanti na wata 12 mai hatimi. Na haska tocila, na ɗora mita a kan kowanne, na jijjiga biyu na ji nauyi, muka jera su a kan rak muka ɗaure. Na gwada ɗaya da gaske, na yarda da bakwai saboda shi. Kuskurena ke nan, kuma shi ne kake shirin yi yau, kai ko ɗayan ma ba ka gwada ba.

Yi lissafin da kanka. Bolt 12 sau 200 ya ba ka wat-awa 2,400 a batir ɗaya, guda 8 ya zama 19,200. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saura 9,600. Lodin gidan da dare bai wuce wat 700 ba, fankoki da fitilu da firiji ɗaya. Ya kamata ya kai su gari ya waye da sauran canji. Amma tun makon farko inbata ta fara kuka wajen ƙarfe 2 na dare. Bayan wata ɗaya ta dawo ƙarfe 12. Kafin wata biyu, ana idar da sallar isha'i ba da daɗewa ba gida ya yi duhu.

Abin da ya fi min ciwo shi ne abin da na yi a tsakanin. Na tsaya a tsakar gidan mutumin na ce iyalinsa ne suke jona dutsen guga da hita a ɓoye. Na ɗora wa matarsa da 'ya'yansa laifi, shi kuma ya yi musu faɗa saboda ya yarda da ni. Na hau rufi na wanke farantan sola, na canza na'urar caji da kuɗina, duk a banza. Sai da na kwance baturan na gwada su ɗaya bayan ɗaya da lodin amfiya 10. Wancan na farko har lokacin yana da sauran ƙarfi, duk da 'yan uwansa sun ja shi ƙasa. Sauran kuwa, wanda ya fi daɗewa bai kai awa 3 ba.

Na sa safar hannu da tabarau na yanke murfin ɗaya da zarto. Har yanzu ina ganin abin a idona. Farantan dalma 'yan gajeru, ba su kai rabin tsayin akwatin ba, an cusa su a sama kusa da tasha. Ƙasansu kuwa siminti ne, an zuba shi ya daskare sumul, har da shatin yatsan wanda ya shafe shi. Batir ne da bai fi 60Ah ba tun yana sabo, aka sa masa rigar 200, aka cika nauyin da siminti don mai ɗagawa irina. Kullum dare ana tatse shi har ƙasa, shi ya sa cikin wata biyu ya mutu murus.

Na ɗauki katin garanti na koma. Shagon a buɗe, amma wani ne a ciki, ya ce ai wancan aron wurin ya yi na kwana 10. Lambar wayar da ke jikin katin ba ta shiga. Rasit ɗin da ya ba ni "batir guda 8" kawai aka rubuta, babu lambar siriyal, babu sunan kamfanin da za ka kama. Dillalin ya dafa ƙirji ya ce shi ma cutarsa aka yi, shi haɗawa kawai ya yi. La'adarsa dai bai dawo da ita ba, kuma daga ranar ban sake ba shi hannu ba. Mutane sun ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban manta ba.

Babur ɗina na sayar, na haɗa da abin da na tara na kusan shekara guda, na sayo batura 8 na gaske na kai gidan dattijon nan, har wancan mai kyan na canza, domin ba a haɗa sabo da wanda ya sha wahala a layi ɗaya. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya kiyaye gaba. Amma ƙaninsa da ya riga ya yi min maganar aikin gidansa bai sake kirana ba, haka maƙwabcinsa. Shekara 11 ina gina suna, mutum ɗaya mai tattausan harshe ya rushe rabinsa a yammaci ɗaya, kuma na tabbata yana can wani wuri yana kiran wani Injiniya.

To ga abin da za ka yi, kuma ba na son gardama. Ka ce masa za ka gwada duka huɗun, ba ɗaya ba, kuma waɗanda ka gwada su ne za ka ɗauka, ka sa musu alama da fenti da hannunka kafin su bar idonka. Ka ɗora kowanne a sikeli. Batirin dalma mai 200Ah na gaske yana kaiwa wajen kilo 55 zuwa 65, in ka ga 40 ka tashi kawai. In nauyi ya cika kada ka saki jiki, ka dai ji labarin siminti. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne lodi. 200Ah ɗin da ake rubutawa yawanci a ma'aunin awa 20 ne, wato ya ba da amfiya 10 har awa 20 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5. Ba sai ka kai shi can ba. Ka cika shi, ka bar shi ya huta, don batirin da aka cire daga caji yanzu yana nuna sama da 13 ko da mushe ne. Ka jona masa ƙwan fitilar mota 2 masu wat 55 ko 60, za su ja kusan amfiya 10. Bayan awa 10 ka cire, ka ba shi awa ɗaya, na gaske zai tsaya wajen 12.1 ko 12.2. Na jabu ba zai ma kai ka awa 10 ɗin ba, ƙwan zai yi ja ya dushe kana kallo.

Na san me za ka ce, wai awa 10 ta yi yawa, mai kaya ba zai jira ba. Wannan gaggawar taku ce take kashe ku. Kuna so ku koyi aiki a bidiyon minti 3, ku gama gida a yini ɗaya, ku ɗauki hoto ku ɗora. Mu da muka koya, sai ka shekara kana fere bakin waya kafin maigida ya bar ka ka taɓa mita. Mai kayan kirki ba ya tsoron kwana ɗaya. Wanda ya ce yau ko a fasa, kayansa ne ba za su iya kwana a hannunka ba.

Kuma tunda kuɗin kaya na hannunka, wayar wutar ma ka duba ta, kada ka zo min da wata tambayar mako mai zuwa. Kasuwa ta cika da alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe ta waje. Kankare silin da wuƙa, in fari ya fito ka ajiye. Ko ka kunna masa laita, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, don sai zafi ya haura digiri 1,000 yake narkewa, alminiyom kuwa a 660 ya sallama, za ka ga silin ya lanƙwashe ya zube. Kaurinsu ɗaya amma alminiyom kusan kashi 61 cikin 100 na wutar jan ƙarfe yake iya ɗauka, ragowar zafi ne a cikin bangon mutane. Nadin mita 100 na waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, jan ƙarfen cikinsa kaɗai ya haura kilo 2, ban da roba. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ko ƙarfen ƙarya ne ko tsayin bai cika ba. Farantin sola ma haka, murabba'in mita ɗaya wajen wat 200 yake bayarwa, in an nuna maka ɗan ƙarami an rubuta 500 a bayansa, sitika ce kawai aka buga.

Rasit kuma, a rubuta sunan kamfanin batirin, da 200Ah, da lambar siriyal ta kowanne, da ranar da garanti zai ƙare. Ka tambayi maƙwabtan shagon tun yaushe yake wurin. In ta hannun dillali ne, ka gaya masa a gaban shaida cewa in kaya suka ɓaci shi za ka kama, ka ga yadda fuskarsa za ta yi. Kuɗin nan ba naka ba ne, amana ce, kuma kai ba ka da babur ɗin sayarwa.

Kira shi yanzu ka ce gobe da safe za ka zo da sikeli da ƙwan fitila, kuma baturan za su yini a jone. Duk abin da ya amsa maka ka turo min kalma da kalma. In ya yarda, ƙwayayen fitilar suna cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin benci, ka biyo ka ɗauka kafin ƙarfe 7.