Shawarar Lauya: Zan Ɗauki Sabbin Ma'aikata a Kan Gwaji, Me Doka Ta Ɗora Mini?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina da gidan burodi a Kubwa, Abuja, da ma'aikata 18, kuma wata mai zuwa zan ƙara mutum huɗu. Niyyata in sa su gwaji na wata shida a kan rabin albashi, in riƙe ainihin takardun makarantarsu don kada wani ya gudu da kuɗin ciniki, sai wanda ya ci gwaji zan ba shi takardar ɗaukar aiki. Akwai matsala?

Amsa: Hajiya, barka kadai. Gwaji halal ɗinki ne, amma ki sani cewa ranar da mutum ya sa rigar aiki ya tsaya gaban tanda, daga ranar ya zama ma'aikacinki a idon doka. Kiran sa ɗan gwaji ba ya ɗage masa haƙƙi.

Mu fara da takarda, domin nan tsarinki ya fi rauni. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce kada a wuce wata uku da fara aiki ba a ba ma'aikaci rubutacciyar takarda ba. Wata shidan da kika tsara ya saɓa wa wannan. A cikinta a sa sunanki ko na kamfaninki, sunansa da adireshinsa, ranar da aka ɗauke shi, irin aikinsa, albashi da lokacin biya, awannin aiki, hutu, abin da zai faru idan ya yi rashin lafiya, da wa'adin da kowa zai bayar kafin a rabu. Shawarata ma kada ki jira wata ukun. Ki ba shi ran farko, a karanta masa da harshen da yake ji, ya sa hannu a kwafi biyu, ya tafi da ɗaya. In rigima ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ce ke da hurumin irin wannan shari'a, ke za a fara tambaya ina takardar, kuma mai ɗaukar aikin da ba ta da rubutu ita ke shan wahalar kare kanta.

A cikin takardar ki rubuta tsawon gwajin da ranar da zai ƙare. Ranar na zuwa ki yanke hukunci a rubuce: tabbatarwa, ƙarin wa'adi, ko sallama. Nan mutane da yawa ke sakaci. Wa'adi ya wuce, ana ci gaba da ba yaro aiki ana biyansa, sai bayan shekara a ce ai har yanzu gwaji yake. Kotunanmu sun sha ɗaukar irin wannan shirun a matsayin tabbatarwa. Ko a cikin gwajin ma ba a cewa tashi ka tafi. Sashe na 11 ya sa sanarwar kwana ɗaya ga wanda bai haura wata uku ba, mako guda kuma a rubuce ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, ko a biya shi kuɗin kwanakin a maimakon sanarwar.

Rabin albashi kuwa, idan an rubuta an yarda, doka ba ta hana ki ba a yanzu. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Da waɗannan huɗun za ki kai 22, saura uku ke nan, don haka ki riƙa lura da ƙidayarki. Ki kuma duba ko rabin zai iya kai mutum aiki ya dawo da shi gida, domin wanda kuɗin mota ke cinye albashinsa ba ya daɗewa.

Fansho kam ya riga ya hau kanki, tunda Dokar Fansho ta 2014 ta kama duk mai ma'aikata 15 zuwa sama. Ke za ki sa kashi 10 cikin 100, a cire kashi 8 daga albashinsa, a tura asusunsa cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Jinkiri na jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata. Sai kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata da za ki riƙa biya wa hukumar NSITF, wato asusun inshorar da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, daga aljihunki. A wurin da ake aiki da wuta da injin kwaɓa fulawa, wannan ya fi komai damuna. Idan inji ya kama wa sabon yaro hannu a makonsa na farko, kina da kwana bakwai ki kai wa hukumar rahoto, kuma rajistarki da ita ce za ta tsaya miki wajen diyya. Ki sa tsohon hannu ya nuna masa inji da wurin kashe shi kafin a bar shi shi kaɗai, a rubuta ranar, su biyun su sa hannu. Gwajin lafiya kafin fara aiki shi ma ke za ki biya, haka sashe na 8 na Dokar Ƙwadago ya ce.

Takardun makaranta kuwa, don Allah ki bar wannan shawara. Dukiyarsu ce, kuma ranar da wani ya nemi tasa kika hana, kin ba shi hujjar kai ki kotu. Ki ga ainihin, ki ɗauki kwafi, ki mayar masa nan take. Tsoron gudu da kuɗi maganinsa mai tsaya masa ne: mutum sananne mai adireshi, wanda wakilinki zai je ya gani da ido, ya sa hannu a takardar da ta faɗi iyakar abin da ya ɗauka. Idan an yi asara, ba ki da ikon zaftare albashi da kanki. Sashe na 5 ya ce sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a cire a wata guda kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin.