Likitocinku Na Amsawa: Allurar Korona Tsakanin Tsoro da Hujja

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin Kano ne, kuma ban manta abin da gwajin maganin Pfizer ya yi wa yaranmu lokacin sanƙarau ba. Ta yaya zan amince da allurar da wannan kamfani ya yi, wadda aka ce ko shekara ba ta kai ba aka gama haɗa ta? Daga wani magidanci, Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, tsoronka yana da tushe, kuma ba za mu raina shi ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, an yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara 200. Sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, cutar ta sake yaɗuwa har ƙasashen maƙwabta.

To amma a duba yadda aka yi wannan karon. Gwajin Trovan ƙarami ne, an yi shi cikin gaggawa a kan yara marasa lafiya. Allurar korona ta Pfizer kuwa an gwada ta a kan masu sa-kai fiye da 40,000, yawancinsu a Amurka, ta Moderna a kan kimanin 30,000. An raba su gida biyu: rabi aka yi musu allurar gaske, rabi ruwan gishiri, ba wanda ya san wadda ya samu. Da aka ƙirga waɗanda suka kamu, sai aka ga allurar ta rage kamuwa da kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari a kan nau'in ƙwayar cutar na lokacin. An buga sakamakon a fili, hukumomin ƙasashe daban-daban suka tantance, haka ma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kafin a fara amfani da su a Najeriya. Daga nan zuwa yau an yi allurar fiye da sau biliyan 13 a duniya. Illar da ke ɓoye ba ta iya ɓuya a cikin adadi irin wannan, shi ya sa ma aka gano waɗanda za mu ambata a ƙasa.

Batun sauri kuma, ba daga sifili aka faro ba. An yi shekaru da dama ana binciken fasahar mRNA, wadda da ita aka haɗa allurar Pfizer da ta Moderna, kuma masana sun san dangin wannan ƙwayar cuta tun ɓullar cutar numfashi ta SARS a 2002. Abin da aka gajarta shi ne jiran kuɗi da jiran takardu, sannan aka fara sarrafa allurar tun gwaji bai ƙare ba.

TAMBAYA: An yi mini AstraZeneca sau biyu a 2021. Yanzu na ji an janye ta daga kasuwa saboda tana daskarar da jini. Hankalina ya tashi, me zan yi? Daga wata malamar makaranta, Gusau.

AMSA: Malama, ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne kamfanin ya janye allurar a watan Mayun 2024, bisa dalilin cewa sababbin allurai sun cika kasuwa. Gaskiya ne kuma tana iya haddasa wata irin daskarewar jini, haka ma ta Johnson & Johnson. Ba sabon labari ba ne, tun 2021 aka sani. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jikin wasu 'yan ƙalilan takan ruɗe, ta tayar da ƙwayoyin jinin da aikinsu tsayar da zubar jini ne, sai su dunƙule a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ko na ciki, adadinsu kuma ya faɗi. A Amurka an samu kimanin mutum 4 cikin kowane miliyan da aka yi wa ta Johnson & Johnson.

Muhimmin abu a gare ki shi ne lokaci. Matsalar tana bayyana ne daga kwana 4 zuwa kimanin mako shida bayan allura, galibi ta farko. Alamunta su ne ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi, ciwon ciki da ba ya lafawa, kumburin ƙafa, sarƙewar numfashi, ko ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata. Wadda ta yi shekaru da allurar lafiya ƙalau ta wuce wannan haɗari. Kada ki sayi asfirin ko wani maganin tsinka jini ki riƙa sha da sunan kariya, domin shi kansa yana iya jawo zubar jini a ciki.

Su ma Pfizer da Moderna suna da tasu illar da ba kasafai ake gani ba: kumburin tsokar zuciya, musamman ga samari 'yan shekara 12 zuwa 29, cikin mako guda bayan allura ta biyu. Yawanci sukan warke da hutu da magani, amma ciwon ƙirji ko bugun zuciya bayan allura na asibiti ne a ranar.

TAMBAYA: Amarya ce ni, uwar mijina ta ce allurar tana hana haihuwa. Haka ne? Daga wata baiwar Allah, Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa, ba haka ba ne. An bibiyi ma'aurata masu neman haihuwa, ba a ga bambancin ɗaukar ciki tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, ba a kuma ga ƙaruwar ɓari ba. Abin da aka tabbatar shi ne al'ada takan ɗan jinkirta, a matsakaici ƙasa da kwana guda, ta koma daidai cikin wata ɗaya ko biyu. Mai juna biyu da ta kamu da korona ita ce ke cikin haɗarin kwanciya asibiti da haihuwar bakwaini. Ki je awo tare da Hajiya, ta ji daga bakin ungozoma, zai fi mata daɗin karɓa fiye da daga bakinki.

TAMBAYA: Mahaifina ya yi allura uku, duk da haka ya kamu. Ina amfaninta? Kuma yanzu akwai buƙatar ƙari? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, ƙwayar cutar tana sauya kama. Tun ɓullar nau'in Omicron a watan Nuwamban 2021, ƙarfin allurar na hana kamuwa ya ragu sosai, kuma yana dusashewa cikin 'yan watanni. Abin da ya fi daɗewa shi ne kariya daga tsananin ciwo: buƙatar iskar oksijin, kwanciya asibiti da mutuwa. Da wannan ake auna amfaninta ga dattijo kamar Baba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma cutar tana nan. Shawarar da hukumar ta bayar a 2023 ita ce a fifita tsofaffi, masu ciwon suga, ciwon zuciya ko na ƙoda, masu raunin garkuwar jiki, masu juna biyu da ma'aikatan lafiya, a ƙara musu bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon halin kowa. Matashi mai lafiya da ya riga ya yi ba ya cikin sahun gaba.

Idan za ku kai Baba, ku tafi da katinsa cibiyar lafiya ta gwamnati. Ku nemi ganin ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwalbar, ku tabbata daga akwatin sanyi aka ciro ta, domin zafi yana kashe ƙarfinta. Idan yana fama da zazzaɓi mai zafi a ranar, a ɗaga sai ya warware. Bayan allura ya zauna minti 15, ko 30 in jikinsa ya taɓa yin mummunan bore ga wani magani. Irin wannan bore yana samun kimanin mutum 5 cikin miliyan, yana zuwa ne cikin mintuna, kuma allurar adrenaline tana magance shi nan take. Ciwon dantse, kasala da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa uku ba abin tsoro ba ne, farasitamol da shan ruwa sun isa. Duk abin da ya wuce haka ku koma inda aka yi masa, ku kuma kai rahoto ga NAFDAC ta manhajar Med Safety.